Yadda Ake Yi wa Kayan Tsatsuba Rajista a Ƙungiyar Masu Siddabaru

A duniyar tatsuniya ma akwai aikin ofis. Jarumi ya kashe dodo, ya fito daga kogo da zobe a yatsa, takobi a kafaɗa, da wata tsohuwar fitila a hammata, mai ba da labari ya ce ƙurunƙus, yara su watse. Abin da ba a faɗa shi ne, washegari da sassafe jarumin nan zai bi layi a ƙofar ofishin ƙungiyar masu siddabaru, domin doka ta ce duk abin da yake aikata abin da 'yan'uwansa ba sa yi, sai an shigar da shi kundi kafin a fita da shi cikin jama'a. Mai shigarwar kuwa kai ne, ƙanena, tunda an ce daga yau teburin rajista naka ne.

Dalilin dokar ba shi da tsawo. Ranar da wani bawan Allah ya kwanta mutum ya tashi jaki, nan danginsa za su zo, kuma tambaya uku ce a bakinsu: wane abu ne ya yi wannan aiki, a hannun wa yake, yaya ake warwarewa. In kundinka ya amsa, kafin azahar an sallame su. In bai amsa ba, kai za ka yi ta yankar wa jakin ciyawa har a gano.

Kayan aiki

Babban kundi, ɗinkakke, kowane shafi da lambarsa. Takardu warwatse ba sa kwana a ɗakin da akwai abin da ke kiran guguwa. Sharaɗin kundin nan guda ɗaya ne, kuma ya fi duk sauran abin da zan faɗa nauyi: kada a sa masa asiri kowane iri. Za a zo maka da alƙalami mai rubutu da kansa, da takardar da ba ta tsufa, da tawadar da ke gyara kuskure, duk a ce kyauta ce don a sauƙaƙa maka aiki. Ka ƙi. Alƙalamin da zai iya rubutu ba da kai ba, zai iya rubuta abin da ba ka ce ba.

Ƙaramin littafi na shiga da fita, daban da kundi.

Tawada mai kama takarda. Ta bagaruwa da aka jiƙa da ƙarfe ita ce daidai, don tana shiga jikin takarda ta zauna. Ta gawayi da ƙaro tana da baƙi mai kyau, amma ruwa kaɗan ya ishe ta, kuma a ofishin nan ana yin ruwan sama a cikin ɗaki ba tare da sanarwa ba.

Lambobin tagulla masu huda, da tsirkiyar fata ta ɗaurewa. Baƙin ƙarfe yana tsatsa har lambar ta ci, kuma yawancin abubuwan da ke da mazauni a ciki ba sa shiri da shi. In tagulla ta yanke, guntun ƙashi ko busasshen katako da aka ƙona wa lamba ya wadatar kafin a samu.

Sikeli da igiyar awo. Awartaki mai dogon hannu. Safar hannu ta fata mai kauri. Kakin zuma da hatimin ƙungiya. Akwati mai kwaɗo. Auduga ta toshe kunne. Tankaɗaɗɗiyar toka cike da ƙoƙo. Ƙaramar ƙararrawa. Bokiti biyu, ɗaya ruwa ɗaya yashi.

Sai shaida, wato mutum na biyu mai rai da hankali, wanda zai tsaya a bakin ƙofa. Na sa shi cikin kayan aiki ne don kada ka manta da shi. In ba ka da awartaki, sanda biyu sun yi. In ba ka da shaida, ka rufe ofis.

1. Karɓar kaya

Kada ka miƙa hannu. Mai kaya ya ajiye abinsa a kan tebur da kansa, ya ja da baya taku biyu. Akwai kayan da suke canza ubangida da zarar sun bar wannan hannu sun shiga wancan, kuma irinsu ne mutane suka fi ɗokin kawowa. Duk wanda ya shigo yana fara'a, yana tura maka ƙunshi yana cewa "riƙe ka ji nauyinsa, Malam," to ya gaji da abin ne, yana neman magaji.

Ka kula da bakinka ma. Ba a cewa "na karɓa," ba a cewa "na gode," ba a cewa "kai, ina ma nawa ne." Abin da ake cewa shi ne "an gani."

Daga nan ka yi tambayoyi uku: ina aka samo shi, me yake yi, me ya taɓa yi wanda ba a so. Ta ukun ce mai amfani, kuma ita ce ba a amsawa kai tsaye. Wata tsohuwa za ta ajiye maka ƙwarya ta ce ba ta ƙarewa da ruwa. Ka ce, "Iya, ta taɓa ba ki wahala?" Ta ce, "Ko kusa, ɗan nan, ƙwarya ce mai albarka." Kada ka rufe bakin maganar. Ka dubi zanenta da yake jiƙe har gwiwa, ka tambaye ta ina take kwana yanzu. A nan za ka ji cewa gidan ya zama tafki tun bara, ita tana wurin 'yarta.

Duk abin da aka faɗa ka rubuta shi a gefen da aka ware wa maganar mai kaya. Kada ya tsallaka zuwa gefen abin da aka tabbatar. Ka ba shi rasit, ka ce ya dawo jibi.

2. Kwana ɗaya a akwati

Da awartaki za ka ɗauka, ka auna nauyi, ka sa a akwati, ka kulle, ka liƙe bakin da kaki, ka buga hatimi, shaida yana kallo. Ƙararrawa a kan murfi. Da safe ka duba hatimi, ka buɗe, ka sake awo. Abin da ya ƙara nauyi cikin dare ya ci wani abu, sai a nemi abin da ya ci. Wanda ya ragu ya haihu ko ya zubar da wani abu, sai a share ɗakin a hankali. Wanda ka tarar a kan kujerarka alhali hatimi bai motsa ba, ka rubuta haka, ka nemi wata kujerar.

A lokacin zafi kakin zuma yana laushi har hatimi ya baje, sai ka zargi abin da bai yi laifi ba. Ka ajiye akwatin a inuwa, ko ka yi amfani da yumɓu.

3. Siffantawa

Nan ne sababbin magatakarda suke gaggawa, nan ne kuma ƙungiya take yin asarar shari'a. "Zobe ɗaya, na zinariya" ba siffa ba ce. Akwai irinsa tuli a ma'ajiya. Ka rubuta nauyi, faɗi, abin da aka yi shi da shi, launi a hasken rana, da duk wani tabo ko tsaga ko gurbin haƙori. Ka shinshina daga nesa ka rubuta ƙanshi ko wari. Ka matso da bayan hannu, ba tare da taɓawa ba, ka ji ko yana fitar da zafi ko sanyi. Sannan ka zana shi a gefen shafi, ko da zanenka bai fi na ɗan yaye ba.

Masu rikiɗa sai an siffanta su sau uku, safe da rana da dare. Abin da kake nema shi ne abin da ba ya canzawa. Sandar da take zama maciji da rana, ta zama igiya da dare, yawanci nauyinta ɗaya ne a duk halin da take, kuma in akwai tsaga a kan sandar za ka same ta a kan macijin. Wannan tsagar ita ce shaidarka ranar da mutum biyu suka zo suna jayayya a kanta.

Abin da ba a gani kuma, ka barbaɗa masa toka har siffarsa ta fito, ka auna, ka zana. In babu toka, rairayi mai laushi ya yi. Kada ka yi amfani da abin da ake ci, don ɓeraye za su gano wurin kafin kai. Ka kuma tabbata da gaske akwai wani abu a kan teburin, domin akwai 'yan damfara da ke kawo iska a tafin hannu su ce layar zana ce, su karɓi takardar izini su je su sayar da takardar.

In akwai rubutu a jikin kayan, kada ka karanta a bayyane, kuma ka hana laɓɓanka motsi. Za ka kwafe shi a kundi, amma ka bar kalmar ƙarshe, ka ja layi a gurbinta, ka rubuta ta a wata takarda daban da za a kai wa ma'aji. Kwafi cikakke yakan yi aiki daidai da na asali. An taɓa yin magatakardan da ya kwafe rubutun jikin wani ƙaho tas, harafi da harafi, don nuna ƙwazo. Har yau duk wanda ya buɗe wannan shafin sai ƙudan zuma sun raka shi gida.

4. Gwaji

A fili ake yi, nesa da rufin ciyawa, da bokitan nan biyu a kusa. Kafin ka tambayi yadda ake tayar da abu, ka tambayi yadda ake tsayar da shi. In mai kaya ya ce bai sani ba, babu gwaji. Ka wuce zuwa mataki na gaba ka ba shi aji mai tsanani. Bulalar da ke dukan ɓarawo da kanta abu ce mai kyau, amma in kalmar tsayarwa ta bi kakan mai ita kabari, bulalar za ta gama da ɓarawo ta waiwayo.

Ka fara gwadawa a kan dutse, sannan busasshen icce, sannan gora. Ba a gwaji a kan almajirin ofis, ko da shi ya roƙa, kuma zai roƙa. Abin hawa, irin tabarma mai tashi ko takalmin da ke haɗiye tafiya, a ɗaure shi da igiya a jikin turke, a ɗora masa buhun yashi a madadin mutum. Shaida ya tsaya inda abin ba zai kai gare shi ba, don a samu mai ba da labari.

Abubuwan da ke biyan buƙata ba a gwada su. Adadinsu ƙidayayye ne, in ka ƙona ɗaya mai kaya zai kai ka gaban alƙalin ƙungiya, kuma zai yi nasara. Ka tambayi mazaunin ciki saura nawa, ka tambayi mai kaya saura nawa, ka rubuta amsoshin biyu. Ba su taɓa zuwa ɗaya ba.

Masu magana kuwa, ka sa auduga a kunne ɗaya, ka bar ɗayan don aiki. Ban taɓa ganin takobi mai magana da ya ce shi talakan takobi ne ba. Kowanne sarki ne ya ƙera shi, kowanne ya ci yaƙi dubu, kowanne ya hango a goshinka cewa kai ba ɗan zaman ofis ba ne. Ka rubuta maganarsa a gefen da ka rubuta ta mai kaya, ka ci gaba da awonka.

5. Sanya aji

Aji biyar ne, kowanne da launin zarensa.

Na ɗaya, farin zare: masu amfani da ba sa cutar kowa, kamar fitilar da ba ta shan mai. Na biyu, shuɗi: waɗanda ba sa kisa amma suna hana maƙwabta barci, kamar gangar da ke kaɗa kanta. Na uku, rawaya: masu ɓatar da mutum, ko canza masa siffa, ko ɗauke shi daga inda yake. Na huɗu, ja: masu ra'ayin kansu. Na biyar, baƙi: waɗanda ba a mayar wa mai su, ana kai su ƙasan rijiyar ƙungiya, Sarkin Siddabaru da kansa yake sa hannu.

Ba da halin mai kaya ake yanke aji ba. Dattijo mai natsuwa zai ce shekara da shekaru yana riƙe da sandarsa ba ta taɓa kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma dattijon yana da jika. Ka ɗauki mafi wauta a gidan, ka ɗora masa abin a hannu cikin zuciyarka, ka duba iyakar ɓarnar da zai iya yi kafin a kamo shi. Wannan ne ajin. In kana kokwanto tsakanin biyu, ka ɗauki na sama. Mai kaya zai yi ƙorafi, ƙorafi kuma ba ya ƙona gari.

6. Lamba

Kashi uku ce: harafin farko na irin kayan, ajinsa, sai lambar jeri. Z-3-148 na nufin zobe, aji na uku, na 148 da ya shiga kundi. Lamba ba ta maimaituwa. Ko kayan ya ƙone ƙurmus, lambarsa ta tafi da shi.

Bugawa a tagulla ba wuya. Ɗaurawa ce aiki. Hular da ke ɓatar da mai sanye da ita tana ɓatar da lambarta ma, sai ka wayi gari da kanta cike da kayan da ba ka gani, masu lambobin da ba ka gani. Dabarar ita ce ka gano iyakar inda ɓatarwar take kaiwa: ka ɗaura doguwar tsirkiya, ka bi ta da ido har inda ta fara bayyana, ka ƙara taƙi ɗaya, a nan za ka rataya lambar. Wanda ke haɗiye duk abin da aka ɗaura masa, akwatinsa ake yi wa lamba. Mai rikiɗa a ɗaure shi da sako-sako, don kada ka shaƙe shi in ya zama abu mai wuya.

Masu haihuwa su ne ciwon kai. Uwar ita ke da lamba, 'ya'yan su ɗauki lambarta da ƙarin harafi. In sun wuce haruffan da kake da su, ka daina ƙirga ɗaiɗai, ka koma awo da sikeli, ka kuma aika wa ma'aji takarda cewa ana bukatar ɗaki.

7. Ajiya

Ka zana taswirar ma'ajiya a bangon kundi, kanta bayan kanta, ka rubuta gurbin kowane abu kusa da lambarsa. Bayan wannan, aikin duka sanin wanda ba ya zama da wani ne, kamar rabon ɗaki a gidan kishiyoyi. Madubi biyu ba sa fuskantar juna. Mai fitar da wuta ba ya kusa da mai kiran iska. Tabarma mai tashi a naɗe ta, a danne da duwatsu, a nesanta ta da taga. Masu magana a raba su kusurwa-kusurwa da bango a tsakani, in ba haka ba kafin wata ya kama sun naɗa shugaba sun aiko maka da jerin buƙatu.

Wani lokaci kuma haɗawar ce magani. Ƙwaryar tsohuwar nan, in ka girke ta a kan tulun da ba ya cika, kowa ya sami abokin zama, kai kuma ka huta da kwalfar ruwa.

Akwai kayan da ba sa zama, duk inda aka kai su sai sun koma wurin mai su na farko. Kada ka ɓata kwaɗo a kansu. Ka rubuta inda suke komawa a matsayin gurbinsu.

Kundin kansa ba ya kwana a ma'ajiya. Ka ajiye shi a wani ɗaki, bisa kanta, nesa da danshi, ka riƙa ɗaga shi kana dubawa. Gara ba ta san darajar ƙungiya ba.

8. Izini, aro da canjin hannu

Kayan aji na ɗaya zuwa na huɗu suna komawa wurin masu su da takardar izini. Kwafi uku: na mai kaya, na ofis, na ma'aji. A rubuta lamba, aji, sunan mai riƙo, abin da aka yarda ya yi da shi, da yadda ake warware aikinsa. Wannan na ƙarshen a rubuta shi da manyan baƙaƙe, yadda wanda hankalinsa ya tashi zai iya karantawa.

Duk ranar da kaya ya canza hannu, ta ciniki ko gado ko kyauta ko sata, sai an buɗe sabon layi a shafinsa. Ba a goge sunan baya. In dodo ya haɗiye jarumi da takobinsa, dodon ne mai riƙo a idon doka. Ka rubuta shi haka, da kwatancen kogonsa, ka aika masa da takardar sanarwa ta hannun wanda ya fi kowa gudu.

Kayan ƙungiya da ake ara wa jarumai suna shiga ƙaramin littafi: wa ya ɗauka, yaushe, don me, yaushe zai dawo. Ranar dawowa a rubuta "da lissafin kwanakin ofishin nan." In ka manta da wannan jimla, wani zai shiga garin aljanu ya fito a zamanin jikanka ya rantse kwana uku ya yi. Wanda ya dawo da kaya a siffar da ba ta riƙe alƙalami, a dangwala kofatonsa ko dagi a tawada, shaida ya sa hannu a gefe. Kuma ka auna abin da aka dawo da shi kafin mai aro ya bar ƙofa, ka gwada da nauyin da ke kundi. Maƙera sun iya kwaikwayon kamanni, nauyi ne yake tona su.

9. Ƙidaya da soke rajista

Kowane ƙarshen wata, mutum biyu, zagaye biyu. Zagayen farko ɗaya yana karanta kundi, ɗaya yana nuna kaya a kanta. Zagaye na biyu a juya: daga kanta zuwa kundi. Na farko yana nuna abin da ya ɓace, na biyu yana nuna abin da ya shigo ba da sallama ba. Na biyun ya fi ban tsoro. In kundi ya ce tuluna tara, ka ƙirga goma, kada ka yi murnar riba. Ku fita a hankali, ku kulle ƙofa, a kira Sarkin Siddabaru.

In kuka fito daga ma'ajiya ku biyu kuna tambayar juna me ya kai ku, akwai mai sa mantuwa a ciki. Ku ɗaura zare a yatsa, ku rubuta "ƙidaya" a bayan hannu, ku koma.

Abin da ba a gani a gurbinsa ba, a fara barbaɗa toka a wurin, a duba saman rufi, a duba aljihun almajiri. In kwana uku suka wuce bai dawo ba, a rubuta ya ɓace, a sanar da ma'aji da duk wanda sunansa ya taɓa fitowa a shafin.

Soke rajista kuma sai da dalili ɗaya cikin biyu: kayan ya lalace, ko ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ya fashe, a tattara gutsattsarin a auna. In nauyinsu bai kai na asali ba, shafin yana nan a buɗe har a samo ragowar. Wanda aka ce ƙarfinsa ya ƙare, a mayar da shi akwati da ƙararrawa a kai har shekara ta zagayo, don wasu barci kawai suke yi. Bayan haka ka ja layi ɗaya a kan shafin daga kusurwa zuwa kusurwa, yadda rubutun zai ci gaba da karantuwa, ka sa rana, kai da shaida ku sa hannu. Lambar tagullar a huda ta sau biyu, a jefa a tulun matattun lambobi da ke ofishin ma'aji. Shafin kuwa ba a yage shi.